Ranar Rabo Ba a Kira Sunanmu Ba

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin masu ilimin ƙasar nan: wai Nijar ta tsallake korona. Ana faɗinta a aji, ana faɗinta a rediyo, ana faɗinta a tarukan bita na otal-otal ɗin Yamai, a tafa, a sha lemo, a watse. In gawa ake ƙirgawa, to gaskiya ne Allah ya sauwaƙe mana idan aka dubi Italiya ko Amurka, kuma babu mai butulce wa wannan ni'ima. Amma wanda duk ya ce mun tsallake, bai tambayi mai albasa a Tsarnawa ba. Bai tambayi ɗan kabu-kabu a Ƙwanni ba, bai tambayi matar da ta karya jarin ƙosanta ta sayi hatsi ba. Su ba su tsallake ba. Da yawansu har yau, shekaru bayan abin, suna cikin ramin.

Abin da nake son in faɗa a nan ɗaya ne, kuma zan faɗe shi ba kwana-kwana. Cuta ta yi nata, dokokin hana cuta sun yi nasu, amma ranar da aka tashi rabon agaji ga masu sana'a, kalma ce ta raba mu da rabonmu. Haruffa uku ne na Faransanci: PME, wato ƙanana da matsakaitan masana'antu. Da su aka kira suna, kuma a kasuwarmu babu wanda ya amsa, don ba sunan kowa ba ne.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa korona ƙarya ce, ko cutar Turawa ce, ko cutar masu hawa jirgi. Ta kashe mutane a ƙasar nan, cikinsu har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, wanda ya rasu ranar 3 ga Mayu 2020. Gwamnatin da ta ga annoba tafe ta naɗe hannu, ta ci amanar jama'a. Rigakafi ya fi magani, ban musa ba. Rigimata da abin da ya biyo bayan rigakafin ce: wa ya biya kuɗinsa, wa aka kuma biya.

Ga wanda bai san Tsarnawa ba, gari ne da hanya ta haifa. Nan ne hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙwanni, ta wuce Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi da Damagaram. Kudu da mu kaɗan iyakar Najeriya ce, ga Illela ta wancan ƙetare, ga hanyar Sakkwato. Albasar da ake nomawa a fadamun Maggiya da lambunan kewaye, wadda duniya ta sani da sunan Galmi, nan ake tara mai yawa daga cikinta, a zuba a buhu, a ɗinke baki, a loda ta a manyan motoci zuwa Gana, Kodibuwa, Togo da Binin. Manomi na ci, dillali na ci, ɗan dako na ci, mai ɗinkin buhu, mai amalanke, mai shayi, mai tuwo-tuwo, mai facin taya, yaron mota, ɗan canjin naira da sefa, kowa na lasar romon hanyar nan. In hanya ta tsaya, tukunyar kowa ta tsaya.

To, hanyar ta fara ɗingishi tun kafin cutar ta iso. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa don yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, a Nuwamba ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai zuwa kasuwar Illela ran Lahadi ya saro, ya baje a Ƙwanni ran Laraba, ya riga ya wata bakwai yana kewaya daji kafin a ji sunan korona a Nijar. Sai ga 17 ga Maris 2020, Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi jawabi: a rufe filayen jirgin sama, a rufe iyakokin ƙasa, a rufe makarantu, a hana taron jama'a. Ranar 19 ga wata aka bayyana mutum na farko da ya kamu. Ranar 27 aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, aka killace birnin. Masallatai ma an rufe su, sai 13 ga Mayu aka buɗe. Najeriya ba ta buɗe ƙofar Illela ba sai 16 ga Disamba 2020, mu kuma namu ɓangaren ya kai Yunin 2021 a rufe ga matafiya.

Duba kalanda, ka duba gona. Maris, Afrilu, Mayu, su ne watannin da albasar rani ke fitowa tuli. Doka ta faɗo daidai kan kakar da mutum ya yi wata huɗu yana ban-ruwa dominta.

Na san amsar da ake bayarwa, don na sha jin ta: ai ba a hana kaya wucewa ba, mutane kaɗai aka hana. A takarda haka ne. Amma wanda ya rubuta wannan takarda bai san yadda albasa ke tafiya ba. A kasuwancinmu kaya ba ya tafiya shi kaɗai. Mai saye ne ke tasowa daga Kumasi ko Abijan, ya sauka gidan maigidansa, ya duba kaya da idonsa, ya matsa da hannunsa, a yi ciniki gaban dillali. Ko kuma mai kaya ya bi motarsa ko ya tura ƙanensa, ya sayar, ya karɓo bashin bara, ya bar na bana. Amana ce ke ɗauke da buhun nan, kuma amana a jikin mutum take. Ka tsare mutum a iyaka ka ce kaya ya wuce, kamar ka ce guga ya shiga rijiya igiya ta tsaya waje.

Ita kuma albasa ba ta san dokar ta-ɓaci ba. Ba siminti ba ce da za a jibge a sito a jira. Mai hali ya zuba tasa a rudu, ya jira farashi, yana tsince ruɓaɓɓu kowane mako. Wanda ya ci bashin taki, bashin iri, bashin man injin ban-ruwa, ba shi da wannan sukunin. Mai bashi na bakin ƙofa, azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, gida na son hatsi. Dole ya sayar yadda aka taya. Na ji wani dattijo a bakin tasha yana cewa: "Da munka noma ta muna jiran ta hisshe mu, yanzu mu muka biɗar wanda za shi hisshe mu da ita." Kuma in manomi ya faɗi, ba shi kaɗai ke faɗuwa ba. Motar da ba a loda ba, ɗan dako goma ne ba su yi aiki ba, ɗan dakon da bai yi aiki ba, kwanon tuwo ne ba a saya ba. Ƴan biɗa na jihar Tawa da ke Kodibuwa, Libiya da Najeriya, waɗanda suka saba aiko da ɗan abin da ake rufa asiri da shi, su ma can an kulle su. Da babbar salla ta zo a ƙarshen Yuli, mai kiwon ragon da ya saba kai shi ƙetare ya tarar ƙofa biyu ce a rufe, tamu da tasu.

Tunda na ce kulle, bari in tsaya kan kalmar, don karatuna ke nan. Da gidajen rediyo suka rasa yadda za su fassara zaman gida na dole, sai suka ɗauko "kulle", kalmar da muka sani ga matan aure. Zaɓin ya yi daidai fiye da yadda suka zata. Matan kulle sun fi kowa sanin yadda ake sana'a daga cikin gida: fura, ƙosai, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, dambu, kitso, ɗinkin hula. Sai dai sana'arsu na da ƙafa a waje, ita ce yarinyar talla, kuma tallar na da wuraren zuwa: ƙofar lakwal, bakin tasha, gidan biki, gidan suna, ƙofar masallaci ran Juma'a. Ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, duka dokar ta taɓa su. Lakwal ta rufe daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni. Motocin Yamai sun daina tsayawa. Biki ya koma na mutum kaɗan. Matar da jarinta jikka goma ne, ba ta da wata ajiya bayan jarin. In ciniki ya tsaya kwana ashirin, uwar kuɗin ake ci. In an ci uwar kuɗi ba a zuba adashi, in mutum uku ba su zuba ba adashin ya watse, wadda kwasarta ke tafe ta tashi a tutar babu. Babu rahoton da ya ƙirga adashin da ya mutu a 2020, alhali shi ne bankin rabin garinmu.

Yanzu mu zo ga rabo. Kuɗi sun shigo ƙasar nan da sunan korona. Asusun lamuni na duniya kaɗai ya amince da kimanin dalar Amurka miliyan 114 a watan Afrilu 2020. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da bankuna kan lamunin sefa miliyar 150 don tallafa wa kamfanonin da annobar ta taɓa: miliyar 100 ga manya, miliyar 50 ga PME, ita kuma ta tsaya musu jingina kan wani kaso. Ban ce wani ya sace ba, kuma ban ce otal ko kamfanin sufuri da ke biyan ma'aikata albashi bai cancanci a taimake shi ba. Tambayata ita ce ƙofar da aka bi. Ƙofar banki ce, kuma banki na da nasa harshe.

Kawuna dillalin albasa ne, a kaka mai kyau yakan loda motoci da dama, mutum fiye da ashirin na cin abinci ta hannunsa. Da ya ji labarin lamunin a rediyo, ya sa babbar riga ya tafi wani banki. Aka tambaye shi lambar haraji, wato NIF. Aka tambaye shi rajistar kasuwanci. Aka tambaye shi lissafin shekarun baya da hannun akanta a kai, da takardar mallakar fili don jingina. Ya fito da littafinsa, wanda ya rubuta da ajami, sunan kowane manomi da buhunsa, sunan kowane mai saye da bashinsa, shekara da shekaru babu kuskuren dala ɗaya. Yaron da ke bayan tebur ya duba ya mayar masa, cikin ladabi dai. Da ya dawo, abin da ya ce ke nan: "Sun ce ni ba PME ba ne. To, mi nike?"

Amsar da masana suka tanadar masa ita ce "informel". Mu da muke karatun harshe mun san ginin kalmar: abin da ba shi da siffa, ba shi da tsari. To, a zo a gwada. Harshen da ya bambanta fatauci da koli, ya bambanta sari da kiri, ya san falke, dillali, fatoma, ɗan tireda, ɗan tebur, ɗan kamasho, ya san jari da uwar kuɗi da riba da la'ada, ya san maigida da yaronsa da ranar da ake yaye yaro a ba shi nasa jari, wannan harshe na mutanen da ba su da tsari ne? Harshe ba ya ƙera wa abin da babu shi kalmomi ashirin. Kakanninmu sun yi ƙarnuka suna kai kaya Gwanja suna kawo goro, da madugu da jagaba da masauki a kowane zango, tun babu banki ko ɗaya tsakanin Kwara da tafkin Cadi. Tsari akwai shi. Wanda ya rubuta sharuɗɗan ne bai iya karanta shi ba, sai ya sa wa jahilcinsa suna, ya rataya mana. A ƙasar da mafi yawan masu neman abinci ke cikin wannan rukuni, kalmar da ta ware su ta ware ƙasar ne gaba ɗaya.

Za a ce mini: to ai ba su biyan haraji, don me za su ci daga baitulmali? Wannan magana ta wanda bai taɓa kasa kaya a kasuwa ba ce. Mai tebur na yankar tikiti kowace ranar kasuwa. Mai shago na biyan fatanti. Buhun albasa ana karɓar kuɗi a kansa wurin lodi, motar da ta ɗauke shi na biya a hanya, ban da abin da ake miƙawa a shingaye wanda ba a ba da rasit. Mai ƙosai na biyan harajin da ke cikin kuɗin mai da sukari da katin waya kamar yadda minista ke biya. Ranar karɓa, hukuma ta san rumfar kowa, ta san sunansa da sunan ubansa. Sai ranar bayarwa ne take mance hanya.

Za a kuma ce: banki ba zai ba da kuɗin mutane ga wanda ba shi da takarda ba. Na yarda, banki na da hujjarsa. Amma wa ya ce dole ta banki za a bi? A ƙasar nan aka haifi Mata Masu Dubara, a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE: mata su haɗu, su yi asusu, su ranta wa juna, su biya. Tsarin ya fita daga Nijar ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta, ana koyar da shi a matsayin abin koyi. Akwai ƙungiyoyin manoman albasa, akwai na ƴan kabu-kabu, na mahauta, na direbobi, kowace da shugabanta da rajistarta. Akwai sarkin kasuwa da ya san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya fiye da kowace kwamfuta. Akwai kamfanonin aika kuɗi da ke da reshe a garuruwan da banki bai taɓa takawa ba. Har a doka akwai ƙofa: tun 2010 dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta tanadi matsayin "entreprenant" don ƙaramin mai sana'a, ya bayyana kansa kawai ba tare da doguwar rajista ba. Shiga kasuwar Ƙwanni ka tambayi mutum goma ko sun taɓa jin an yi musu bayaninsa da Hausa. Shugaban ƙasa na lokacin ɗan Dandaji ne, nan cikin gundumar Illela, ba baƙo ba ne ga buhun albasa. Ba rashin sani ya hana ba. An dai bi hanyar da ta fi sauƙin rubutawa a rahoto.

Kada in yi zalunci, an yi wasu abubuwa. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu, wanda ke da kwanta a gidansa ya ji daɗi, wanda ke sayen ruwa a wurin ɗan garuwa ya ji labari. An sayar da hatsi da rangwame, an raba wani kyauta, an ba wasu gidaje kuɗi ta shirin da ake kira Wadata Talaka. Allah ya saka. Amma ku saurari sunan. Mace ɗaya ce: in za a ba ta mudun gero, an san ta, sunanta talaka. In za a ba da jari, ba a san ta ba. An yarda ta miƙa hannu, ba a yarda ita ƴar kasuwa ba ce. Gero yakan ƙare a mako biyu. Jarin jikka ashirin da za ta juya ta biya, shi ne zai mayar da ita bakin kaskonta, kuma shi ne ba a ba ta ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, da ku nake, don gobe mu ne za mu zauna bayan teburan nan. Mu ne za mu rubuta rahoto, mu tsara takardar tambayoyi, mu fassara sanarwa. Kuma cutar ta riga ta kama mu. Mu nawa ne, ranar cike takardar shiga jami'a, da aka zo wurin sana'ar uwa aka rubuta "ménagère", matar gida, alhali da kuɗin furarta aka sayi takardar da biron? Daga nan ake fara shafe mutum. Wadda ɗanta bai rubuta ta a matsayin mai sana'a ba, ba ma'aikatar kuɗi ce za ta rubuta ta ba. Muna iya kawo sunayen masanan Turai biyar kan tattalin arzikin "informel", amma ba mu iya bayyana yadda la'ada ke rabuwa tsakanin dillali da yaransa a garin da aka haife mu.

Kuma kada a ce abin ya wuce. A 2023 an sake rufe wannan iyakar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris 2024. Hausa ta yi mana tsokaci da kanta: ƙyallen da aka sa mu rufe baki da hanci a 2020 takunkumi aka kira shi, abin da CEDEAO ta ƙaƙaba mana shi ma takunkumi, kuma asalin kalmar abin da ake ɗaure wa dabba baki ne kada ta ci. Sau uku ke nan cikin shekara biyar hanya na tsayawa, mutanen da suka fara jin yunwa kuma su ne dai na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata annobar na tafe, ko ta cuta, ko ta siyasa, ko ta ambaliya.

A watan Maris 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To, a gwada mana a wurin da abin ke da nauyi. Kowace ƙaramar hukuma ta yi rajistar masu sana'arta da sunayen da suke kiran kansu, mai ƙosai a rubuta mai ƙosai, ɗan dako a rubuta ɗan dako, kuma tikitin kasuwa na shekara ya zama shaidar da ake karɓa. Takardar neman lamuni ta fito da Hausa, da boko da ajami, da sauran harsunan ƙasa, a kuma karɓi littafin lissafi ko da wane rubutu aka yi shi. Duk asusun gaggawa da za a ware nan gaba, a yanke kason da zai bi ta asusun mata da ƙungiyoyin sana'a tun ranar farko, a faɗi adadinsa a rediyo. A gina wa albasa wurin ajiya na kirki a Tsarnawa da Galmi, don rufe hanya na wata biyu ya daina zama asarar shekara. Kuma ranar da za a sake rufe iyaka saboda lafiyar jama'a, a zauna da masu bin hanyar kafin a sa hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.